Makullan Al Wukair da Sunan Dakta

Ni mai gyaran AC ne. Shi na koya a Kaduna, shi ya kai ni Doha, kuma da na tsaya a kansa da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Lokacin ban taɓa cin kwabon kowa ba. Abin da kawai za a ce da ni shi ne surutu da son a yaba mini.

Wanda ya karɓe ni a can Dakta Lawal ne, wani dattijon likita mutumin Zariya da ya daɗe a ƙasar. Duk ɗan Arewan da ya sauka, gidansa ake kai shi a Al Wakrah, wani gari kusa da Doha. In Dakta ya ce, "Na tsaya masa," shi ke nan, za ka sami ɗaki, za a haɗa ka da kafil na kirki, wato mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar, ba mai tambayar ka takarda. Haka ya yi mini, bai ma san ubana ba.

Wallahi ina kewar Juma'ar gidan nan. Mu mu taso daga masallaci, ma'aikatan jinya 'yan Jos da Kafanchan su taso daga coci, don su ma ranar suke ibada, duk mu haɗu a falonsa. Hajiyarsa ta tuƙa tuwon shinkafa, a soya kifin da aka sayo a bakin jiragen masunta. A yi ta tsiya. Sista Rifkatu, wata nas mai bakin tsiya, kullum sai ta ce in na zo a ɓoye yaji, wai cinsa nake kamar gari. Da yamma in sanyi ya shigo mu taka bakin teku, kowa da kofin shayin karak a hannu. Ban taɓa jin ina baƙo ba.

Sai gasar cin kofin duniya ta matso. Gari ya rikice, kowa ya zama dillali. Masu gidaje suna ta sallamar 'yan haya, wai baƙi za su biya a wata guda abin da ake biya a shekara. Kamfaninmu aka ba aikin duba AC a wasu sababbin gidaje a unguwar Al Wukair waɗanda aka kulle ana jiran baƙin, makullan kuwa a aljihuna suke kwana.

Da ƙarami na fara. Wani direba aka kora daga ɗakinsa, na bar shi ya fake a ɗaya daga cikin gidajen, ya ɗan damƙa mini wani abu. Ba wanda ya sani. Na ƙara wani, na ƙara wani. Abin da ya lalata ni ke nan, rashin kamu.

Wata Juma'a Sista Rifkatu ta ce, "Mu dai 'yan kallo ne. Larabawa za su kwashi arziki, mu mu kwashi cunkoso." Ban san lokacin da bakina ya ce ai na kama gida guda haya ba, abokan tarayya kawai nake nema mu zuba gadaje mu jira baƙi. Mako na zagayowa na kwashe su zuwa Al Wukair, na buɗe ƙofa da makulli kamar gidan gadona. Suna ta shafa bango, suna lissafin gadon da zai shiga kowane ɗaki.

Mutum ɗaya ya yi hankali, Injiniya Sani. Da muka koma falon Dakta ya ce, "To ina takardar hayar da hukuma ta buga wa hatimi? Nan fa ba Kano ba ce."

Kafin in ƙirƙiro ƙarya Dakta ya ce, "Haba Injiniya, a gidana? Yaron nan na tsaya masa."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Har haƙuri ya ba ni. Ku ji fa, shi ne ya ba ni haƙuri. A wajenmu tambayar takarda bayan dattijo ya yi magana zagi ne, kuma na san da haka sarai, da shi na ci su. Kowa ya kawo abin da ya tara, Sista Rifkatu har da na ginin da take yi wa mahaifiyarta.

Na riƙa gaya wa kaina gobe zan kama gidan gaske. Kafin goben na canza mota, na sayi fili a gida, na zama mai kyauta. Da na tashi nema, hayar ta wuce inda hannuna zai kai.

Gasar ta zo, kuma ban taɓa ganin Doha ta yi kyau irin haka ba. Waƙa a jirgin ƙasa, tutoci a kasuwa, mutanen da ba su jin yaren juna suna rungumar juna. Ni kuwa ina tafe a cikinsu ina shirya ƙaryar da zan yi wa abokan tarayya in sun tambaye ni ina baƙin.

Sista Rifkatu ce ta gano. Zannuwan gado ta saya da kuɗinta, ta kai gidan don baƙinmu su ji daɗi. Mai gadi ya ce mata gidan na wani Balarabe ne, ni kuwa mai AC ne. Ta kira ni, ba zagi, ba tsiya. Ta ce, "Ina tsaye a ƙofar gidanmu da zannuwa. Ina zan kai su?"

An kama ni, an yanke mini hukunci. Ba zan ba ku labarin gidan yari ba, Allah ya tsare ku da shi. Dakta ya zo sau ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Kana samun abinci?" Daga baya na ji ya sayar da gidan da ya gina a Zariya don ritayarsa ya biya mutane, wai shi ya tsaya mini, shi zai biya.

Da na gama wa'adina aka sa ni a jirgi, ba dawowa. Na sayar da filin na aika abin da ya samu. Na tuba, na koma sana'ata, na kira Dakta ina kuka ya ce ya yafe. Na ɗauka magana ta ƙare.

Bara ɗan maƙwabcina, yaro mai natsuwa, ya sami aiki a Doha. Na ba shi lambar Dakta. Da ya sauka ya kira, Dakta ya yi masa maraba, ya ce ya zo cin tuwo. Da yaron ya roƙi ya tsaya masa wajen ɗaki, sai Dakta ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri. Na daina tsaya wa kowa."

Ku matasa, ku ji ni. Makullin da aka ba ku amana ba naku ba ne, ko da gidan ba kowa. In an ce wata gasa za ta mai da ku masu gida, ku nemi takarda, ko a gaban wa, kunyar minti ɗaya ce. In kuma dattijo ya ara muku sunansa, ku mayar masa da shi lafiya, don akwai na bayanku da ke jiransa. Yaron nan wata biyu ya yi yana kwana a ƙasa a ɗakin wasu, kuma har yau bai san ni na jawo masa ba.