Sarkin da Ya Hana a Fasa Laka

Ni bokona a aji uku ya tsaya, masu digiri su yi haƙuri. Jami'ata gindin murhun kakata Iya Lami ce, a zangon Kumasi, inda take gasa ayaba bayan isha'i, mu jikoki mun yanyame ta kamar ƙudaje. Ba ta da fara'a. In ta ce "Ga ta nan" ka yi nawar amsawa, mafici ne zai sauka a ƙeyarka.

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta sarkin da ya sa maƙeri ya zuba masa dokin tagulla. Maƙeri ya siffanta doki da kakin zuma, ya lulluɓe shi da laka, ya gasa har kakin ya tsiyaye, ya ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Da abin ya huce ya ɗaga guduma zai fasa lakar, sai sarki ya daka masa tsawa, wai abin da ya ci dukiyarsa ba mai fasa shi. Aka kai curin laka fada, fadawa na ta yabon kyan doki.

"Har ya mutu ko kunnen dokin bai gani ba," in ji Iya, ta tofa yawu a toka. "Sakarai da rawani."

Kwanaki jikata Rabi ta ja ni wani gidan tarihi a Manhattan, nan ƙasar waje da muke zaune yanzu, ta tsayar da ni gaban gunkin Hindu mai hannu huɗu yana taka rawa. Na yi a'uziyya, na ce da wannan a Canal Street yake, titin da muke kasa kaya, da hannu huɗun nan ya ƙwace mana kasuwa. Ta ce sarakunan Chola na kudancin Indiya ne suka sa aka zuba irinsa saboda ɗakunan ibadarsu, kuma da kaki da laka da guduma aka yi. Ta samu gurbin koyon wannan zubi a can Indiya, amma ubanta, ɗana Sani, ya ɓoye fasfonta.

Na same shi a gidansa a unguwar Morrisania.

"Baba, na karya bayana a tasi don karatunta, sannan ta tafi ƙera gumaka?"

"Zubin ƙarfe za ta koyo, kai, ba sujada ba. Ko kai ka fi ta salla?"

"Don Allah cire bakinka, Baba."

"Bakina ne, inda na ga dama nake sa shi."

Na ba shi tatsuniyar Iya tas. Ya ce tsufa ke damuna, ya buga ƙofa.

Da ina yaro na ɗauka wautar sarakuna Iya ke zagi. Yanzu na gane kowa ya ciyar a kan abu, sai ya ga kamar har numfashinsa ya saya. Sarakunan Indiyan nan, duk da ba alƙiblarmu ɗaya ba, sun bar guduma ta sauka.

Ƙarshen wata gurbin zai rufe, Sani kuma ya daina gaishe ni. Ba komai. Ni na haife shi, na san inda yake ɓoye abu tun yana satar sukari. Gobe in ya fita aiki, zan je gaishe da surukata.