Gaban Auta a Kwanon Tuwo

A gidanmu na Roni, mu mata kwano ɗaya muke haɗawa, kowa ta ci gabanta. Shi ya sa ni na fara gane autarmu ta daina cin abinci. Za ta wanke hannu ta zauna, ta yi ta juya loma ɗaya a miya, tana turo tuwon gabanta zuwa nawa. Mu tashi kwano fes, Inna ta yi hamdala.

Da ta dawo hutu daga makaranta a Kazaure sai ta ɓullo da azumin nafila. Litinin da Alhamis, daga baya har da sauran ranakun. Kakarmu kuwa sai shi mata albarka: "Ku ƙyale min jikata, duk ta fi ku tsoron Allah." To wa zai hana yarinya ibada? Amma ni tela ce, na san yawan rigunan da ta kawo min in rage. In an kira magariba ruwa kawai take kurɓa. Wallahi tsoro ya kama ni.

Ranar da jiri ya kwashe ta a bakin rijiya, Baba ya ce a karɓe wayarta, tunda a nan take kallon 'yan mata kamar sillen kara tana raina jikinta.

Na durƙusa na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ku bar min wayar a hannuna."

Malamar asibitin da ta duba Auta ita ta faɗa min akwai wata likita da ke tara 'yan mata a waya, duk mako tana yi musu darasi da murya kan irin wannan ciwon. Na yi wa Baba bayani: masu ganin wannan ciwo sai Kano, ga kuɗin mota, ga rufe shago, ga yarinya ta rantse ba mai kai ta a ce ta taɓu. Kuɗin datar wata guda bai kai na zuwa Kano sau ɗaya ba. Ya ce, "Ki gwada."

Sabis a gidanmu sai bayan rumbu. Nan nake kifa turmi in zaunar da ita.

"Yaya, ni fa lafiyata ƙalau."

"Ƙalau ɗin ce ta kayar da ke a rijiya? Zauna, malama!"

Ta yi fushi, ta yi gaba da ni, ko a jikina. Ta toshe kunne, na ƙara murya. Haka muka yi ta fama har ranar da wata yarinya daga Babura ta yi magana, ta ce ita ma da azumi take fakewa, yabon da ake mata a gida ya fi yunwar ciwo. Auta ta kifa kai a cinyata ta yi kuka mai isarta. Ni ma na yi.

Ba a rana ɗaya ta warware ba, kuma ban taɓa barin datar ta yanke ba. Wata safiya ina dama koko sai ga ta da kofi.

Kaka ta ce, "'Yar nan, yau fa Alhamis ce."

"Na sani, Kaka."

Da rana muka zauna cin tuwo. Ban kalle ta ba, kada ta tsargu. Da muka tashi na leƙa kwanon: gabanta akwai rami, ɗan ƙarami, kuma da hannunta ta yi shi.