Batulun Motar Doka

A unguwarmu ta Gadarif, in ka ce Hajja Batulu sai an tambaye ka wacce, don muna da su da yawa. Amma ka ce Batulun motar Doka, kowa zai nuna maka ƙofarta yana dariya.

Da damina abin ya faru, shekarar da masu gudun yaƙi suka cika gari. Hajja ta shiga bas mai zuwa garin Doka da jarkar rob, nonon nan mai tsami da take haɗawa da hannunta. Don kada ya zube, ta sa leda a bakin jarkar, ta murɗe marfin iya ƙarfinta, ta rungume ta a gefen taga inda rana ke duka. Hanya kuwa ga rami ga taɓo. Kafin a kai rabi, jarka ta kumbura kamar tunkiyar da ta ɓarke buhun dawa. Marfi ya yi sama, rob ya bi shi. Wanda ya fi samun rabo shi ne Abdulganiyyu dillalin riɗi, da ke zaune gabanta cikin farar jallabiya da rawani, zai je ɗaurin aure. Har yau yana cewa farin bai dame shi ba, tsamin ne ya riga shi shiga masallaci.

Kakan Hajja daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa zai je Makka, ya tsaya nan ya yi noman damina ɗaya, daminar ta zama rayuwa. Mijinta a gonakin Gadambaliya ya ƙare ƙarfinsa, ya rasu ya bar mata yara. Da kisra, wainar dawa mai faɗi, da rob ta raine su. Gadon da uwarta ta bar mata shi ne irin nono: kullum sai ta rage ludayi guda, ta zuba a madarar gobe. Ta sha bayar da zanenta aro, amma ƙwaryar irin nan ko hannu ba a sa mata.

Abin da ya fitar da ita ranar, 'yar ƙaninta ce Su'ad, wadda ta gudo daga Madani ta sauka Doka da 'yarta Iman. Zawo ya kama yarinyar. An kai ta asibiti, ta sha magani, zazzaɓi ya sauka, amma cikin ya ƙi riƙe abinci, tana ta ramewa. Likita ya yi wa uwar bayani cewa a hanjin mutum akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, kuma maganin da ya kashe miyagun yakan haɗa da na kirkin. Ya ce a ci gaba da ruwan gishiri da sukari, kada a daina ba ta abinci, in an samu nono mai tsami na dafaffiyar madara a riƙa ba ta kaɗan kaɗan. Su'ad 'yar birni ce, nonon da ta sani na kanti ne a cikin firij. Sai ta buga wa gwaggonta waya tana kuka.

Shi ya sa da jarka ta fashe, ana ta salati, Hajja ba ta kalli kowa ba. Gindin jarkar ta leƙa.

"Alhamdu lillahi, iri na nan."

Sannan ta kama gefen mayafinta ta shiga goge wa dillali wuya tana ba shi haƙuri da Larabci, "Malesh, ɗana, malesh."

A Doka ta sayi madara wurin makiyaya, ta tafasa, ta bari ta huce har yatsa ya iya zama ciki, ta juye ɗan abin da ya rage, ta rufe da faifai. Wannan karon ba ta murɗe komai ba. Da farko Iman ta kau da kai. Hajja ta dama mata kunun dawa, ta ɗiga rob ɗin a ciki, tana lallashi: "Sha, habibti, ko in shanye in bar ki." Sannu a hankali cikin ya kwanta. Hajja ba ta dawo gida ba sai da ta ga yarinyar tana bin kaji a tsakar gida, ta kuma ga Su'ad ta iya rage ludayinta. Yanzu da rob ɗin nan Su'ad ke riƙe gidanta a Doka.

Mu dai mun gode wa Allah da ya ba mu maƙwabciya irinta, ko da yake ba mai son zama gabanta a mota. Ranar Juma'ar da ta wuce Abdulganiyyu ya hango ta a kasuwa ɗauke da jarka, ya yi tsalle gefe yana kare rawani.

"Ya Hajja, ki bari in wuce tukuna, yau sabuwar jallabiya na sa!"

Ko tsayawa ba ta yi ba.

"Kai ɗan nan, jallabiyarka sabulu ya gama da ita tun a ranar. Ka je Doka ka ga kumatun Iman, sai ka dawo mu yi maganar rawani."