Amsar da Inna ta Ajiye

Ingilishi ne ya so ya kore ni daga lakwal, wato makarantar boko. Lissafi da Faransanci ina taɓa su daidai gwargwado, amma shi kam ya sha mini kai. Na riga na maimaita aji na uku na kwaleji a Dogon Dutsi, kuma doka a fili take: wanda ya sake faɗuwa a aji guda, sai ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Ni kuwa da in koma Ɗan Kassari da sunan korarre, gara a ce ban taɓa barin garin ba.

A cikin Ingilishin ma ba komai ke kayar da ni ba. Akan ba mu ɗan labari mu karanta, sai tambayoyi a ƙasa. Masu cewa wa ya zo, yaushe ya tafi, waɗannan ko da ido ɗaya nakan tsinto amsarsu in kwafe. Ta ƙarshe ce bala'in, kuma ita ce mai maki mafi yawa: me ka fahimta wanda marubucin bai faɗa ba? Haba! In yana son a sani, me ya hana shi buɗe baki?

Malaminmu na Ingilishi, Mushe muke ce masa, wani dogo ne ɗan Kore Mairuwa, mai saurin fushi da saurin hucewa. Wata rana ya ba mu labarin wani yaro da ubansa ke yi wa magana, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Aka ce me wannan ya nuna game da yaron. Na ce yau dai na samu tawa. Na rubuta da gurgun Ingilishina cewa yaron yana da tarbiyya. Takarda ta dawo da ƙaton sifili. Wai amsar ita ce ƙarya yaron yake yi, shi ya sa ya kasa haɗa ido da uban.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Mushe, wallahi an cuce ni. Wane ɗan kirki ne zai tsura wa ubanshi ido?"

Na ɗauka zai kore ni waje. Sai ya ajiye alli, ya ce, "Zamna. Kana da gaskiya in a ƙofar gidanku ne. Amma wanda ya rubuta labarin ga bai san ƙofar gidanku ba. Wurinsu, wanda bai dube ka ba, da abin da yake ɓoyewa. Ba abin da ka sani aka tambaye ka ba, abin da shi yake nufi ake so. In za ka shigo ajin ga, aje Arewa bakin ƙofa, in an tashi ka ɗauki abinka."

Maganar ta yi mini ciwo, amma na kama ta. Na koyi cewa a cikin labaransu shiru fushi ne, kau da kai ƙiyayya ce, wanda ke son ka sai ya faɗa da baki ya kuma rungume ka. Makina ya fara ɗagawa kaɗan-kaɗan. Duk da haka, ana saura mako guda jarrabawar ƙarshen shekara, Mushe ya tsai da ni a bakin aji ya ce mini kai tsaye in na rasa tambayar ƙarshe, to ba abin da zai iya yi mini.

Ni ɗan fari ne. Tun da nake, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son a ba ni abu, sai ta ce wa ƙanwata, "Kai ma wancan." Ranar da zan koma Dogon Dutsi bayan hutu ba ta fitowa rakiya. Tana bakin turmi, ta ba ni baya, in ce na tafi, ita kuwa taɓarya kawai ke amsawa. Sai na isa masauki in buɗe jaka in tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji a can ƙasa ƙarƙashin tufafi. Ban taɓa tambayar wanda ya sa ba, don kowa a garinmu ya san kunyar ɗan fari.

Ranar jarrabawa ana zafin nan na gab da shuka, hadari ya taso ya ƙi zuba. Aka raba takardu. Labarin wani saurayi ne zai tafi birni. Ya ɗauki jakarsa ya tsaya bakin ƙofa ya ce ya tafi. Uwarsa tana wanke kwanoni, ba ta juyo ba, ba ta kira sunansa ba, ba ta ce ya sauka lafiya ba. Tambayar ƙarshe: yaya uwar take ji game da ɗanta?

Na karanta sau uku. Wallahi bayan Inna nake gani da ɗaurin zanenta. Na san amsar gaskiya, na kuma san wadda ake so. Na zauna riƙe da bik, wato biro, har mai tsaronmu ya ce lokaci ya kusa. Sai na duƙa na rubuta cewa uwar ba ta damu da ɗanta ba, ba ta son sa. Har hujja na kawo yadda aka koya mana: ba ta juyo ba, ba ta kira sunansa ba. Na miƙa takardar na fita waje.

Na wuce aji na gaba. Mushe ya ba ni makin tambayar duka, ya ja layi biyu da jan bik a ƙarƙashin amsar, ya rubuta yabo a gefe. Da na je gida hutu ƙanwata ta fizge takardar ta ruga tsakar gida tana nuna jan rubutun, tana cewa Yaya ya ci. Inna ba ta ɗago ba. Ta ce mata kawai, "Ce ma wancan akwai hura a ɗaka." Daga ranar ban sake ganin takardar ba, kuma ban neme ta ba, don ba na ƙaunar ganinta.

Bara Allah ya yi wa Inna rasuwa, ta tafi ba ta kira sunana ba. Bayan kwana bakwai ƙanwata tana fitar da kayan ɗakinta, sai ta kira ni. A cikin kwanon da ke can ƙasan jere ta sami wani tsohon kallabi a naɗe. Takardar ce a ciki. Ta yi laushi, ta tsage a wajen ninki, amma jan bik ɗin yana nan, rubutuna ma yana nan.

Ƙanwata ta ce in mata sun zo hira Inna takan fito da ita ta nuna musu layukan nan biyu, ta ce ta wancan ce, sannan ta mayar. Ba ta taɓa neman a karanta mata ba.

Na tsaya da takardar a hannu. Ƙanwata ba ta yi lakwal mai nisa ba. Ta leƙo ta ce, "Yaya, mi aka rubuta nan inda jan layi?"

Na ce mata amsar wata tambaya ce.

Ta ce, "Ita ce ka ci ke nan?"

Na ce a'a, ban ci ta ba.