Katangar da Ta Ƙi Faɗuwa

Shekara arba'in Kafinta ya yi yana kafa wa mutane shingen katako, kuma aikinsa ba ya ɓuya: tsakanin katako da katako sai ya bar tazarar yatsa biyu. In mai gida ya yi ƙorafi, sai ya ce, "Iska baƙuwa ce mai zafin kai. Ba ta hanya ta wuce. In ka tare ta, da kai za ta tafi."

Da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi, duniyarsa ta dawo kujera ɗaya a tsakar gida. Ta tsakanin katakan shingensa yake kallon lungu. Mai gyaran keke ya leƙo ya tsokane shi, "Tsoho, yau ma hutun ake?" Mai kayan miya ta miƙo gaisuwa. Da wannan yake kai yamma.

Sai gara ta cinye ginshiƙan, iskar farkon damina ta kwantar da shingen. Babban ɗansa, mutumin kirki amma ba ya jin shawarar kowa sai tasa, ya iso da magina da bulo.

"A mayar da katako," in ji Kafinta, harshensa na nauyi. "A bar tazara."

"Haba Baba, an wuce wannan zamanin. Kai dai ka huta."

Aka haƙa tushe mai zurfi, aka zuba rodi da kankare, duk taku shida ginshiƙi. Aikin ya yi kyau, Kafinta ya fi kowa sani, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Yana zaune bulo ya yi ta hawa. Ranar farko ƙafafun masu wucewa suka ɓace, rana ta uku kawunansu. Mai gyaran keke ya kwana biyu yana ɗago murya ta sama, daga baya ya gaji. Wa zai yi ta hira da bango?

Wata la'asar hadari ya haɗo. Matar Kafinta ta zo shigar da shi ɗaki, ya ce ta bar shi a bakin ƙofa. Iska ta yaye kwanon rufin maƙwabta, ya ji bishiyar lungu ta karye. Mutumin da bai taɓa fatan aikin wani ya lalace ba, ranar ya yi ta roƙon Allah a zuci ko kusurwa ɗaya ta zube.

Ko tsagewa katangar ba ta yi ba.

Da ruwa ya ɗauke ɗan ya zo, ya bubbuga ta da tafin hannu, baki har kunne.

"Ka gani ko, Baba? Wannan ko bayan ranmu tana nan."

Kafinta ya gyaɗa kai. Ya san yaron gaskiya ya faɗa.