Yaya Hajara ta manta Larabci

Jiya na kai yayata Hajara babban gidan kula da tsofaffi, inda likita ba ya yankewa. Shekararta sittin a Jidda, amma ciwon mantuwa ya shafe mata Larabci, Hausa kaɗai ta rage.

Ma'aikaciya ta gaishe ta da Larabci cikin fara'a. Yaya ta damƙe hannuna ta ce, "Auta, in na ce ƙishirwa nake ji, wa zai gane?"

Na ce, "Yaya, ƙaramin gidan tsofaffi na unguwar Hindawiyya ma'aikatansa Hausawa ne, amma babu likita."

Ta ce, "Likita ne zai laƙƙana mini shahada?"

Hindawiyya na kai ta, alhali har yanzu zuciyata ba ta natsu ba. Jama'a, amana na riƙe ko sakaci na yi?