Lailatu da Fankar Gandirobobi

Ranar Talata ce. Lailatu Nu'uman ta yi sallar asuba a ɗakinta na haya a unguwar Williamsville ta birnin Abijan, ta ɗumama shinkafar jiya ta ci a tsaye. Gari na wayewa tana bakin titi tana jiran woro-woro, ƙaramar tasin da ake shiga da mutane. A tashar Adjamé ta sake mota zuwa gidan yarin da take aiki.

Ba ta riƙe mabuɗi, ba ta riƙe kulki. A sashen kula da ma'aikata take, ita ake kai wa ƙara idan gandiroba ya saɓa da ɗan'uwansa gandiroba. Takan ce wa mahaifinta fursuna ya san ranar fitarsa, mai gadinsa kuwa sai ritaya, shi ya sa suke faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta kuma samo musu magani. Duk abin da mutum biyu suka yi rigima a kansa sai ta ɗauke ta ajiye a ofishinta, kuma ba ya fita sai su biyun sun zo tare sun ɗauka. Ofishin ya koma kamar rumfar gwanjo, ga rediyo, ga butar shayi, ga kujerar roba da aka ɗaure wa ƙafa da waya.

Da hantsi ta fara da wani gandiroba da matarsa ta kawo ƙara. Kullum kafin a kwanta sai ya jera 'ya'yansa a tsakar gida ya ƙirga su, ya sake ƙirgawa, sannan ya kulle su ta waje. Lailatu ta ba shi hutun mako guda, ta ce ya tafi ƙauye ya bar kwaɗon a Abijan.

Kafin azahar babbar maganar ta iso. Zakari da Kuwasi ne ke gadin ƙofa ta biyu, a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano, da fanka ɗaya wadda wuyanta ya daina juyawa. Duk wanda ya tashi kewayawa, ɗayan sai ya karkato da ita wajensa. A makon da ya wuce Zakari ya ture Kuwasi, hularsa ta faɗi a gaban fursunoni, suka yi tafi. Kuwasi ya kai ƙara. Idan bai janye ba kafin zaman ladabtarwa na ƙarshen wata, za a sallami Zakari, ga shi saura shekara ɗaya ya yi ritaya, fansho ya tafi ke nan.

Zakari Bahaushe ne na unguwar Liberté, don haka ya shigo da Hausa.

"'Yata, ni fa da babanki sahu ɗaya muke ranar Juma'a."

Ta amsa da Faransanci don Kuwasi ya ji. "Malam Zakari, a nan babu sahu. Kun ture shi ko ba ku ture shi ba?"

"Iska ce ta ɗauke hular."

"Wace iska, tsoho?" in ji Kuwasi. "Iskar ai duk tana wajenka."

"Kai da ke da ƙuruciya, me za ka yi da fanka? Ni likita ya ce jinina na hawa."

"Nawa kuma sauka yake?"

Lailatu ta aika aka ciro fankar, aka jingine ta kusa da rediyo.

Kuwasi ya ce, "Madam, za mu dahu a ɗakin nan."

"Ku dahu tare," in ji ta. "Ranar da kuka nuna sai ku zo."

Bayan la'asar ta kira mahaifinta, Malam Nu'uman, tsohon malamin makaranta da ke zaune kusa da babban masallacin Treichville. Ta ba shi labarin fankar, ta ce tana nan zuwa ranar Juma'a, a gaya wa innarta ta ajiye mata aceke, wato dambun rogo, da kifi. Ta ce kanta na ciwo, ta ɗora laifin a kan Zakari. Gab da magariba ta sauka daga woro-woro, ta zauna a bencin mai shagon ƙofar gidansu, ta nemi ruwa. Ba ta shanye ba. A asibiti suka ce jijiya ce ta fashe a kanta. Shekararta talatin da huɗu. Washegari aka binne ta a maƙabartar Williamsville.

Bayan sadakar bakwai motar gidan yari ta tsaya a ƙofar Malam Nu'uman. An umarci wani sabon ma'aikaci ya kwaso duk abin da ke ofishin Madam, shi kuwa ya bi umarni. Malam Abubakar Sadiq, mai rabon gado a unguwar, ya gyara tabarau ya fara duba fankar yana lissafin kason uwa.

Hajiya Murja, mahaifiyar Lailatu, ta leƙo ta ce, "Malam, yarinyar nan ko shayi ba ta sha. Me za ta yi da buta?"

Malam Nu'uman ya ce kayan amana ne, ba gado ba. Ya aika gidan yari cewa kowa ya zo ya karɓi nasa, amma a kan ƙa'idar mai ofishin.

Zakari ne ya fara zuwa, shi kaɗai. Ya yi doguwar addu'a, idonsa na kan fanka.

"Yaya, tunda Allah ya kawo ni…"

"Ina abokin naka?" in ji Malam Nu'uman.

Washegari Kuwasi ya zo da hularsa a hannu. Ya ce, "Yako, Papa," yadda mutanen ƙasar ke jajantawa. Ya zauna yana share ido. Da zai tafi ya tambaya ko fankar tana lafiya. Aka yi masa tambayar da aka yi wa Zakari.

Ana saura 'yan kwanaki a yi zaman ladabtarwa suka zo tare, wuyan kowannensu duk ƙurajen zafi. Kuwasi ya janye ƙararsa tun da safe.

"Papa, ba don ina sonsa ba ne," in ji shi. "Idan suka kore shi za su kawo min wani da ban san halinsa ba. Wannan aƙalla yana barci bayan azahar."

"Ƙarya yake, Yaya. Tasbihi nake yi."

Suka ɗauki fankar, ɗaya a kai ɗaya a gindi, suka nufi titi suna gardama a kan wanda zai shiga gaban mota da ita.

Masu rediyo suka zo, masu buta suka biyo baya. Masu kujera sai da suka yi zuwa uku kafin su yarda su shigo ƙofa tare. Da aka gama, abin da ya rage na Lailatu a cikin kayan motar guda shi ne darduma, da kofin tangaran, da silifas ɗin da takan sa a ƙarƙashin tebur. An kai dardumar sashen mata na masallaci. Ƙanwarta Sa'a ta ɗauki kofin. Silifas ɗin Hajiya Murja ce ke sawa a tsakar gida, ko da yake sun yi mata yawa.